Yadda ake gano abin da ke rage murya da tsaga sauti a tsohuwar amfilifayar jita mai bawul

Tsohuwar amfilifaya mai bawul, wato kwalaben gilashin da ke haɓaka sauti, irin su Fender Deluxe Reverb da Vox AC30 da Marshall JTM45 na shekarun 1960, ba ta cika mutuwa farat ɗaya ba. Takan daɗe tana ba da alama. Yau murya ta ragu, gobe ta dawo. A kaɗa tsirkiya mai kauri, sauti ya fito a tsage. Ko kuma ta tashi lafiya lau, da ta ɗauki zafi sai ta shaƙe.

Akwai dai tsagewar da ake so, wadda saboda ita ma masu jita ke neman waɗannan amfilifayoyi ruwa a jallo. Idan aka murɗa bolum sama, bawul ya ƙoshi, sauti yakan yi kauri da ɗan gurnani, a sassauta kaɗawa kuma ya washe. Wannan ba ciwo ba ne. Ciwo shi ne tsagewar da ke nan ko an rage murya ƙasa-ƙasa, ko ƙazamin zuzu da ke bin wutsiyar sauti yayin da yake mutuwa, ko tsagewar da ta zo tare da raguwar ƙarfi.

Abu ɗaya nake so mai gyara ya riƙe tun daga nan: kada ka canza komai sai ka kama shi da laifi. Sau da yawa mutum zai ji murya ta ragu, ya sayi bawul sababbi gaba ɗaya, ya zare kafasita da rasista na asali ya zubar, daga baya a gano ashe jak ne, wato ramin soka waya, ya yi tsatsa. Kayan asalin nan suna cikin abin da ke ba amfilifayar muryarta da darajarta, kuma idan sun tafi sun tafi. Don haka za mu bi ta daga waje zuwa ciki, daga abu mai arha zuwa mai tsada, ana taɓa abu ɗaya a lokaci ɗaya.

Kafin ka ɗauki sukudireba

A cikin shasin amfilifaya mai bawul, wato akwatin ƙarfen da ke ɗauke da kayan cikinta, akwai wutar DC ta bolt 300 zuwa 500, wasu ma sun fi haka. Tana kashe mutum. Zare fulogi daga bango bai raba ka da ita ba, domin manyan kafasita masu tace wuta suna riƙe caji bayan an kashe. Matakai huɗu na farko a nan ba sa buƙatar buɗe shasi, kowa zai iya yin su. Daga na biyar zuwa gaba, idan ba ka saba aiki da babbar wuta ba, ka tsaya, ka rubuta abin da ka gano, ka miƙa wa mai gyaran da ya san bawul. Bayanin da ka tara zai rage masa aiki, kai kuma ya rage maka kuɗi.

Kada ka taɓa kunna ta ba tare da sifika a haɗe ba. Taransfomar fitar da sauti idan ta rasa inda za ta sauke ƙarfinta, wuta takan yi tsalle a cikin naɗinta ta ƙona shi, kuma ita ce abu mafi tsada da wuyar samu a jikin amfilifayar. Ka kuma duba irin wutar da aka ƙera ta a kai. Waɗanda aka yi don kasuwar Amurka na bolt 117 ko 120 ne, inda wutar gida take 230 sai da taransfomar rage wuta mai ƙarfin da ya isa.

Akwai wasu ƙananan tsofaffin amfilifayoyi masu arha da ba su da taransfomar wuta sam. Ana gane su da bawul irin 50C5 da 35W4. A irin waɗannan, wutar bango tana iya hawa shasi, daga nan ta biyo waya har tsirkiyar jita. Kada a gwada su sai an sa musu taransfomar da ke raba su da wutar bango. Haka kuma tsohuwar wayar wuta mai ƙafa biyu, tare da kafasitar da ke haɗa layin wuta da shasi a tsofaffin amfilifayoyin Amurka: a cire kafasitar, a sa waya mai ƙafa uku, a ɗaure ta ƙasan a jikin shasi. A wannan wuri ba na goyon bayan a bar abu yadda yake don wai na asali ne.

Kayan aiki ba su da yawa: mita mai iya auna DC har bolt 600 ko 1000, wayoyi masu bakin kada, maganin feshi na wanke mahaɗan lantarki, tsinken katako busasshe, ƙarfen narka dalma, bawul 12AX7 guda ɗaya da ka tabbatar da lafiyarsa, da zanen haɗin wayoyin amfilifayarka. Zanen nan shi ne idonka, kada ka buɗe shasi ba shi a gabanka.

Mataki na ɗaya: wanke jita, waya da sifika daga zargi

Cire duk fedal da ke tsakani. Haɗa jita kai tsaye da wata waya da ka san tana da kyau. In da wata jitar, gwada ta. In da wata amfilifayar, kai jitarka can. Batirin fedal da ya kusa ƙarewa yana ba da tsagewa da raguwar murya da za ka rantse daga bawul suke.

Sai sifika. Kashe amfilifaya, zare wayar sifika, auna ta da mita. Sifika mai ohm 8 takan nuna wajen 6 zuwa 7, mai 16 ta nuna wajen 12 zuwa 14. Idan mita ba ta nuna komai ba, koyil ya yanke ko waya ta tsinke. Ɗan taɓa batiri mai bolt 9 a bakin wayar, za ka ji ƙwas, ka ga takardar sifika ta motsa. Sannan ka ware yatsu kewaye da tsakiyar takardar ka tura a hankali. Ya kamata ta shiga ta dawo shiru. Idan ka ji karce-karce, koyil yana gogar maganaɗisu, kuma wannan shi ne zuzun da ke bin ƙarshen sauti. Hujja mafi ƙarfi ita ce ka haɗa amfilifayar da wata sifika mai ohm daidai. In tsagewar ta ɓace, aikinka ya ƙare a nan.

Abubuwa biyu suna yaudarar mutane a bayan amfilifaya. A yawancin tsofaffin Fender akwai jak biyu na sifika, babba da na ƙari. Babban yana da harshen da ke haɗe fitar sauti da ƙasa idan ba a soka masa komai ba, saboda haka wanda ya soka sifika a na ƙari kaɗai zai ji murya 'yar ƙarama a tsage. A tsofaffin Marshall kuwa, fulogin zaɓen ohm da ke baya yakan yi sako-sako, sauti ya riƙa ɗaukewa. Wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, domin duk ɗaukewa ɗaya daidai take da zare sifika ana cikin kiɗa.

Mataki na biyu: duba, sunsuna, saurara

Kunna amfilifayar a wuri mai ɗan duhu ka leƙa baya. Kowane bawul ya kamata a ga ɗan jan zare a tsakiyarsa, wato hita. Wanda bai kama ba, kuma gilashinsa ya zauna da sanyi, ko ya mutu ko soket ɗinsa bai riƙe shi ba. Duba tabon nan mai ƙyalli kamar madubi a cikin gilashin. Muddin yana da launin azurfa ko baƙi-baƙi, lafiya. In ya koma fari, iska ta shiga, bawul ya tashi aiki. Ɗan shuɗin haske a jikin gilashin manyan bawul ba matsala ba ne. Abin tsoro shi ne babban ƙarfen cikin, filet, ya fara yin ja. Da ka ga haka kashe nan take, ka tafi mataki na bakwai da na takwas.

Kai kunne kusa da sifika ba tare da jita ba. Ɗan shuu da ɗan ruri ƙasa-ƙasa suna nuna bangaren ƙarfi yana raye, matsalar tana gaba. Shiru ƙurmus alhali bawul na haske yana nuna babbar wuta ba ta zuwa, ko hanyar sifika ta yanke. Marshall suna da fiyus na biyu na babbar wuta, yawanci 500mA a mai watt 50 da 1A a mai watt 100. Idan ya ƙone, fitila na ci, bawul na haske, amma ba sauti. Fiyus ba ya ƙonewa haka kawai, galibi babban bawul ne ya yi gajeriyar hanya a ciki. Kada a sa wanda ya fi girma, kada a naɗe shi da waya.

Murɗa kowane maɓalli daga farko zuwa ƙarshe. Inda ka ji ƙas-ƙas ko sauti ya ɗauke, datti ne, feshi da murɗawa sau da yawa sukan gyara shi. Amma idan an wanke bolum tas bai daina ƙas-ƙas ba, ka riƙe wannan a ranka, alama ce ta DC na yoyo zuwa kansa, za mu dawo gare ta.

Mataki na uku: ƙananan bawul

Yawancin raguwar murya da hayaniya daga nan suke, ko daga soket ɗinsu. Kashe, bari su huce, zare na farko da ke kusa da jak ɗin shiga, a miƙe tare da ɗan girgizawa kaɗan. Fesa magani a ƙafafunsa, soka shi ka zare sau uku ko huɗu don ya goge soket. Mayar, kunna, saurara. In babu canji, sa lafiyayyen bawul ɗinka a gurbinsa. In har yanzu babu canji, mayar da na asali wurinsa, ka matsa zuwa na gaba. Mayarwar nan tana da muhimmanci, in ba haka ba za ka rikita kanka ka rasa wanda ya gyara me.

12AX7 da ECC83 da 7025 abu ɗaya ne a wurin aiki. 12AT7, wato ECC81, ƙafafunsa ɗaya da su amma ƙarfin haɓakarsa 60 ne maimakon 100, 12AU7 kuwa bai fi 20 ba. Yakan faru a sayi tsohuwar amfilifaya mai raunin murya, a tarar wani ya soka 12AU7 a gurbin 12AX7. Karanta rubutun jikin kowane bawul ka gwada da takardar da ke manne a cikin akwati ko da zane.

Tana kunne, ɗan ƙwanƙwasa gilashin kowanne da tsinke. Ƙaramin amo daga na farko ba laifi. Wanda ya yi ƙara mai tsawo, ko ya saki fito, ko ya sa sauti ya ɗauke ya dawo, shi ne ake nema.

Mataki na huɗu: raba ta gida biyu

Sauti a amfilifaya kamar ruwa ne a lambatu, hanya ɗaya yake bi: jak, bawul na farko, maɓallan sauti da bolum, bawul na gaba, bawul mai raba sigina biyu, manyan bawul, taransfoma, sifika. Aikinka ka gano daga ina ya fara tsaiko.

Idan tana da tasha biyu, wato hanyoyin shigar sauti biyu, gwada kowace. A Deluxe Reverb, bawul na farko na tashar Normal ne, na biyu na tashar Vibrato. In tasha ɗaya ce ke ciwo, laifin yana gabanin inda suka haɗu, kuma ka wanke manyan bawul da taransfoma ba tare da ka taɓa su ba. In duka biyu ne, ka nufi baya, wajen manyan bawul. Idan hayaniya ce, rufe bolum gaba ɗaya: ta tafi, tana gabansa ta wajen jak, ta tsaya, tana bayansa ta wajen sifika.

Wasu amfilifayoyi na baya-baya, da tsofaffin da aka yi wa ƙari, suna da jak biyu na fitar da sigina zuwa fedal da dawo da ita. Jak ɗin dawowa yana da harshen da sigina ke bi idan ba a soka komai ba, kuma da yake ba a cika amfani da shi ba, yakan yi tsatsa. Haɗa jak biyun da gajeriyar waya. In murya ta dawo garau, feshi kawai yake so. Za ka kuma iya soka jita a jak ɗin dawowa kai tsaye: sauti mai tsabta, ko da ba ƙarfi, yana nuna bangaren ƙarfi lafiyarsa ƙalau.

Mataki na biyar: buɗe shasi da sauke caji

Zare fulogi. Bar maɓallin standby, wato mai katse babbar wuta, a matsayin kiɗa don dukan kafasita su kasance a haɗe. Cire zobe da agogo. Fito da shasi ba tare da yatsunka sun shiga cikinsa ba. Ɗauki rasista ta 22k zuwa 47k mai watt 5 da aka haɗa wa waya mai bakin kada, ka fara maƙala gefe ɗaya a shasi, sannan ɗayan a ƙafar ƙari (+) ta babbar kafasitar farko. Jira, sannan ka auna da mita har sai ta sauka ƙasa da bolt 10. Kada ka yi amfani da sukudireba ka haɗe ta da shasi, tartsatsin yana lalata kafasita, yana kuma iya cin ido. Bar wayar a maƙale muddin hannunka na ciki, domin caji yakan ɗan farfaɗo. Ka kuma tuna ka cire ta kafin ka kunna.

Yanzu ka duba da ido sosai. Nemi rasistar da ta yi baƙi ko ta tsage, musamman waɗanda ke kan soket ɗin manyan bawul inda zafi ya fi yawa. Nemi kafasitar da ta kumbura ko ta fitar da farin gari a bakinta. Duba dalmar da ta dushe ko ta yi zobe kewaye da waya. A soket mai ƙafa takwas, duba tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3: baƙin layi a wurin alamar wuta ce ta yi tsalle daga filet zuwa hita, kuma irin wannan soket canza shi ake yi, kankarewa ba ta riƙewa.

Idan amfilifayar ta shekara da shekaru a ajiye, ko tana ƙona fiyus, fara kunna ta ta cikin kwan fitila mai zare na watt 60 zuwa 100 da aka jera a layin wutarta. Kwan ya yi haske ya dushe, lafiya. Ya tsaya da haske sosai, akwai gajeriyar hanya. Zare manyan bawul da bawul mai mayar da AC zuwa DC, irin 5Y3 ko GZ34, ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya har kwan ya tona mai laifi.

In ta tashi lafiya, da sifika a haɗe, hannu ɗaya a aljihu, ka bi kayan ciki da tsinken katako kana ɗan turawa. Inda sauti ya yi ƙwas ko ya dawo, ga dalmar da ta saki ko rasistar da ta tsage a ciki.

Mataki na shida: bari mita ta yi magana

Cire kwan fitila daga layi, domin yana rage wuta ya ɓata awo. Maƙala baƙar wayar mita a shasi tun kafin ka kunna, ka riƙe jar da hannu ɗaya. Ba a sa sigina yayin wannan awo. Ana ƙirga ƙafafun soket daga ƙasa, ta hannun agogo, farawa daga giɓi ko daga ɗan tudun tsakiya.

Fara da babbar wuta a kan kowace kafasitar tacewa, ka gwada da zane. Tsofaffin zanen Fender da kansu sun ce lambobin na iya bambanta da kashi 20 cikin ɗari, don haka ba daidaito na ƙwaya-ƙwaya ake nema ba, ana neman wanda ya kauce nesa. In duka sun yi ƙasa sosai, zargi bawul mai mayar da wuta, ko wani abu da ke jan wuta fiye da kima. Hita kuma ta nuna kusan bolt 6.3 na AC.

12AX7 bawul biyu ne a kwalba ɗaya. Ƙafa ta 1, 2, 3 su ne filet, girid (inda sigina ke shiga) da katod (abin da hita ke ɗumamawa) na rabi ɗaya, 6, 7, 8 na ɗaya rabin. A tsarin da aka fi sani, filet yana da rasista 100k, katod yana da 1.5k. Lissafin mai sauƙi ne: bolt 1.5 a kan katod yana nufin 1mA na gudana, kuma 1mA a cikin 100k yana cinye bolt 100. Ke nan idan wutar da ke ciyar da matakin 280 ce, filet zai nuna wajen 180. Da wannan kaɗai za ka karanta kowane mataki. Filet ya nuna cikakkiyar wutar, katod sifiri: bawul ba ya jan komai, ya mutu ko soket bai kama ba. Filet sifiri: rasistarsa ta yanke, ko wuta ba ta iso ba. Filet ƙasa, katod ma ƙasa: rasistar filet ta ƙaru. Wannan halin tsofaffin rasista na gawayi ne, da tsufa da zafi sukan haura sama, kuma su ne ke kawo tas-tas da shuu. Filet ƙasa, katod sama: bawul na jan wuta fiye da kima, kuma kusan kullum wani abu ne ke tura girid ɗinsa sama.

A gefen rasistar katod akwai ƙaramar kafasita, galibi 25µF. Idan ta bushe, awon DC zai fito daidai, amma murya ta ragu ta yi siriri. Kashe, sauke caji, maƙala sabuwa a gefenta, ƙafar ragi (−) a ƙasa, wato gefen shasi, ka kunna. In murya ta cika, ka same ta.

Mataki na bakwai: kafasita mai yoyo

Nan ne nake so a fi natsuwa, domin wannan ciwo shi ya fi cin manyan bawul a banza. Tsakanin filet na wani mataki da girid na mai bi masa akwai kafasita, yawanci 0.022µF, 0.047µF ko 0.1µF. Aikinta ta bar sauti ya wuce, ta tare DC. A gefe ɗaya tana fuskantar bolt 200 ko fiye, a ɗayan kuma girid ne wanda bolt ɗaya ma yana canza masa hali. Tsofaffin na takarda da kakin zuma sukan sha danshi su fara yoyo, kuma yoyon yana ƙaruwa da zafi. Shi ya sa amfilifaya za ta fara garau, ta shaƙe daga baya. Shi ne kuma sanadin ƙas-ƙas ɗin bolum da ya ƙi jin feshi.

Bayas shi ne saitin yawan wutar da bawul ke ja yayin da yake zaune shiru. A amfilifaya mai bayas na katod, irin AC30 ko Tweed Deluxe, girid na manyan bawul ya kamata ya zauna a kusan sifiri. Wannan ƙafa ta 5 ce a 6V6, 6L6 da EL34, ta 2 a EL84. In ka ga wuta ta ƙari tana hawa a hankali yayin da take ɗumama, akwai yoyo. A mai bayas na ragi, wadda ake ba girid ɗinta wutar ragi, zare manyan bawul, kunna na ɗan lokaci, ka auna ƙafa ta 5 a kowane soket. Su nuna ragi iri ɗaya. Ɗaya ya nuna ragi 48, ɗayan ragi 35, kafasitar gefen na biyun ce ake zargi. Ka yi awon da sauri, domin babbar wuta takan hau idan ba manyan bawul.

Tabbatarwa ita ce a ɗaga ƙafar kafasitar ta gefen girid daga dalma, a bar ta a iska, a kunna, a auna tsakaninta da shasi. Mita za ta ɗan yi tsalle ta sauko kusan sifiri. In ta tsaya a bolt ɗaya ko fiye, canza ta da mai ƙima ɗaya, mai jure bolt 600 ko 630. Wadda ta ci wannan jarrabawa a mayar da ita wurinta. Ba kowace tsohuwar kafasita ce ke yoyo ba, shuɗayen nan na cikin Fender na shekarun 1960 da yawansu suna nan da ƙarfinsu har yau.

Mataki na takwas: manyan bawul da bayas

Manyan bawul biyu aiki suke raba wa juna, ɗaya na turawa ɗaya na ja. Idan ɗaya ya kwanta, ƙarfi yakan faɗi, sauti ya tsage mummunar tsagewa, ruri ya ƙaru. Auna ƙafa ta 3, filet, da ta 4, girid na biyu da ake kira sikirin, a soket mai ƙafa takwas, ba sigina, da matuƙar kula kada bakin mita ya zame ya haɗa ƙafa biyu. Ƙafafun biyu su kasance kusa da juna a awo. Ƙafa ta 4 ta nuna sifiri, rasistar sikirin ta ƙone, wadda ohm 470 ce a yawancin Fender, 1k a yawancin Marshall. Bawul ɗin da ke kanta ne yakan ƙona ta, don haka kada a canza rasista a mayar da shi haka nan.

Don auna bayas, a sa rasista ta ohm 1 tsakanin katod, ƙafa ta 8, da shasi. Kowane milibolt a kanta miliamf ɗaya ne. Iyakar zafin filet watt 30 ce ga 6L6GC, 25 ga EL34, 14 ga 6V6GT, 12 ga EL84. A bayas na ragi ba a son wuce kashi 70 cikin ɗari yayin da take zaune shiru. Misali 6L6GC mai bolt 450 a filet: kashi 70 na 30 shi ne 21, a raba da 450, ya ba da wajen 47mA. Wannan iyaka ce, ɗan ƙasa da ita ya fi wa bawul tsawon rai. In aka yi ƙasa da yawa kuwa, sauti zai yi siriri da ƙaiƙayi a ƙaramar murya. In aka haura, filet ya yi ja. Masu bayas na katod sukan zauna da zafi fiye da haka bisa ƙira, a nan rasistar katod da kafasitarta ake dubawa.

Idan wutar ragi ta ɓace gaba ɗaya, duba diyod da kafasitar bayas. Wannan kafasita a juye take, ƙafarta ta ƙari ce ke zuwa ƙasa. Manyan bawul ana canza su bibbiyu, waɗanda aka daidaita, a kuma sake saita bayas. EL34 ba ya shiga gurbin 6L6 haka kawai ko da soket ɗaya ne, hitarsa 1.5A take ja, ta 6L6 kuwa 0.9A.

Mataki na tara: kafasitar tacewa

Su ne kaɗai nake yarda a canza saboda tsufa. Amfilifayar 1965 ta kai shekara 60, ruwan cikinsu ba a yi shi don ya kai haka ba. Alamunsu ruri mai kauri da bolum ba ya ragewa, baƙon sauti da ke rakiyar wanda ka kaɗa, faɗuwar ƙarfi a tsirkiya mai kauri, ko put-put a jere. A sa ƙima ɗaya ko kusa, mai jure bolt daidai ko sama. Kada a ƙara girman ta farko fiye da abin da bawul mai mayar da wuta zai ɗauka.

Idan har yanzu bai fito ba

Sai a bi sigina da kunne. Saka sautin 1kHz na wajen milibolt 100 a jak ɗin shiga, manhajar waya ma tana bayarwa. Haɗa kafasita 0.022µF mai bolt 630 a bakin wata waya da ke zuwa ƙaramar amfilifaya ta daban, ƙasanta a shasi, bolum ɗinta a ƙasa. Taɓa girid, sannan filet, mataki bayan mataki. A filet ya kamata sauti ya fi na girid ƙarfi nesa ba kusa ba. Bayan maɓallan sauti yakan faɗi sosai, haka ƙirar take. A Bassman na 1959 da JTM45 akwai matakin da ake ɗaukar sigina daga katod, shi ba ya haɓaka komai, kada ka zarge shi. Filet biyu na bawul mai raba sigina su ba da ƙarfi kusan ɗaya. Ka tsaya a girid na manyan bawul. Filet ɗinsu ba a taɓa shi ana cikin sigina, wutar wurin takan kusa ninka babbar wuta.

In sigina ta iso girid biyun da tsabta da ƙarfi, bawul lafiya, bayas daidai, sifika an wanke ta, sai a juya ga taransfomar fitar da sauti. A kashe, a sauke caji, a auna daga wayar tsakiya zuwa kowane filet. Ɗan bambanci tsakanin gefen biyu ba komai ba ne, haka naɗin yake. Gefe ɗaya a yanke, ko bambanci mai yawa, shi ne hukunci. Sai dai naɗi ɗaya da ya haɗe da maƙwabcinsa ba ya nunawa a mita, ga shi yana cinye ƙarfi yana tsaga sauti. Hanyar kama shi ita ce a maƙala wata taransfoma mai dacewa na ɗan lokaci a saurara. In ta tabbata ita ce, kada a jefar da ta asali, ana iya sake naɗa ta.

Bayan gyara, cire wayar sauke caji, fara kunnawa ta kwan fitila, sannan kai tsaye. Yi kiɗa na rabin awa, a ƙaramar murya da babba, kana leƙen manyan bawul. Sake auna bayas bayan ta yi zafi sosai, in lambar tana ta hawa ba ta tsaya ba, koma mataki na bakwai. Rubuta duk awon da ka samu da kwanan wata a takarda ka manna a cikin akwati, kayan da ka cire kuma ka ƙulle su a leda ka ajiye tare da ita.